Irin Kindirmon Inna da Ɓerayen Farfesa

Ranar da na sauka Indiya, abin da ya fi komai daraja a jakata wani farin ƙyalle ne, bai wuce tafin hannu biyu ba, busasshe ƙamas, yana ƙanshin tsami. Na naɗe shi cikin hula, na cusa hular a aljihun babbar riga, don kada ma'aikatan filin jirgi su tambaye ni abin da ba zan iya bayani ba. Mahaifiyata, Inna, ita ta tsoma ƙyallen cikin kindirmonta ta shanya a inuwa kwana uku. Irin nononta ke nan. Duk mai yin kindirmo ta san sabo ba ya kamawa sai an ɗiga masa na jiya, kuma na Inna daga hannun kakata ya fito, wadda ta taho da shi cikin ƙwarya tun daga Shinkafi lokacin da ta tare a ƙauyenmu da ke bayan Dauran. Tun daga ran nan irin bai taɓa yankewa ba.

Ni malamin kimiyya ne a wata makaranta a Ƙauran Namoda. Na daɗe ina lura da cewa yaran gidajen da ke sayen kindirmon Inna ba su cika gudawa ba ko da damina. Da na samu gurbin digiri na biyu a Indiya, sai na rubuta wa wani farfesa a can cewa ina so a gwada ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin wannan nono, a ga me suke yi wa girman jiki da lafiyar hanji. A ranar ya ba ni amsa, ya ce in zo, kuma kada in manta da samfurin. Wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da na ga mutumin nan ya yi abu a ranar da aka roƙe shi. Ba zan faɗi sunansa ba. Farfesa Gobe nake ce masa, don duk abin da ka nema wurinsa amsar ɗaya ce.

Zangon farko neman wurin kwana ne. Ɗakin da aka ce an kama mini kusa da jami'a, da na isa da akwati a ka, mai gidan ya leƙo ta taga, ya dubi fatata daga sama har ƙasa, ya ce an riga an shiga. Ga kwaɗo nan rataye a ƙofar ina gani. Gida uku na je, haka aka yi mini, har na fara duba jikina ko wani abu ya shafe ni. A garinmu baƙo ko daga ina ya fito, ruwa ake fara ba shi kafin a tambayi sunansa. A ƙarshe na samu gado a masaukin ɗalibai, ɗaki kamar akurki, ba a girki, ba firji, fanka tana juyawa tana kaɗa zafi. Abinci kuwa yaji ne da ɗan shinkafa a gefe. Sati biyu na yi ina mafarkin tuwon dawa da miyar kuka ido biyu.

Zango na biyu ofishin Farfesa. Ya tarbe ni da fara'a har kunne, ya sa aka kawo shayi mai madara, ya kira ni ɗansa. Sai ya miƙo hannu ya ce, "Ina samfurin?"

Na ciro ƙyallen na ba shi, dukkansa, ko yagar gefe ban yi ba. A nan na yi wautar da har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina. Amma ku yi mini adalci. A wurinmu iri ba shi da mai shi. Maƙwabciya ta aiko da ɗan ƙoƙo, ka zuba mata. In naka ya lalace gobe, kai ma ka aika. Ban taɓa jin an sayar ba, ban taɓa jin an hana ba. Yadda Inna ke miƙa wa matan unguwa, haka na miƙa wa Farfesa.

Ya turo mini wata takarda mai shafi huɗu. "Sa hannu nan. Tsari ne kawai, kowa yana sawa."

Na sa. Shayin ma ban gama sha ba.

Daga nan aka kai ni ɗakin ɓeraye. Jama'a, ni da na tashi ina bin ɓera da sanda a gindin rumbu, ni ne aka ɗaura wa farar riga da safar hannu aka ce in yi musu hidima. Farare ne tas, jajayen idanu, suna zaune cikin na'urar sanyaya ɗaki, alhali ni ina kwana cikin gumi. Arba'in ne, aka raba su gida huɗu. Gida ɗaya abincinsu kawai suke ci. Na biyu ana ƙara musu madara zalla. Na uku yogot ɗin wani kamfani da ke ɗaukar nauyin ɗakin gwajin Farfesa. Na huɗu kindirmon da na tayar daga ƙyallen Inna, wanda nake sabuntawa kullum da na jiya, kamar yadda take yi. Kowace safiya sai in kamo ɓera ta bayan wuya, in ɗura masa rabonsa da sirinji marar allura, ya cije ni in ya ga dama. Ranar Litinin in ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya in rubuta nauyi. Har kashinsu nake dubawa, ko ya yi ruwa ko ya yi tauri. Digiri ke nan.

Na daɗe ina ɓoye wa Inna, sai wata Juma'a ƙanwata Asabe ta haɗa mu a waya, bakina ya suɓuce.

Inna ta ce, "Mi kac ce? Ɓera kaka ba nonona?"

Na ce, "Inna, gwaji ne. In ya yi musu amfani, an san zai yi wa mutane."

"To mu da munka shekara da shekaru muna sha, mu mi na? Sai ɓera ya shaida?" Ta yi tsaki, sannan ta sassauta murya. "Ka dai kula, ɗan nan. Kak ka zubar da shi ƙasa."

Ba sai ta faɗa ba. Ina ɗan shekara bakwai na taɓa tuntsurar da ƙwaryar nono ina guje-guje, marin da na sha ran nan har yau kunnena bai manta ba. A gidanmu ba a zubar da nono. Ga shi dokar ɗakin gwaji ta ce duk abin da ya rage bayan an ba ɓeraye, a dafa shi cikin tukunyar kashe ƙwayoyi a tuttular a kwata. Rana ta farko na tsaya a bakin kwatar da kwalba a hannu, hannun ya ƙi karkacewa. Sai na juya baya na kafa kai na sha rabi. Ɗanɗanon gida ya doke ni har sai da idona ya kawo ruwa.

Ina sauke kwalbar na ga ana kallona. Wata tsohuwa ce mai wanke kejin ɓeraye, sunanta Kamla, siririya, gashinta fari, tafin hannunta duk ya tsattsage saboda sabulu. Ba ta jin Turanci, ba na jin yarensu, kuma a duk ginin nan mu biyu ne ba a gaishewa. Na ce shi ke nan, za ta kai ƙara. Sai ta buɗe ɗan kwanon silba da take zuwa da abinci a ciki, ta miƙo. Na juye mata sauran. Ta lakata da yatsa ta ɗanɗana, ta kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin i ne ko a'a. Daga ran nan kullum ni rabi ita rabi, kwata ba ta samu ko ɗigo ba har gwajin ya ƙare. Na riƙa ce mata Gwaggo, tana amsawa ba tare da ta san ma'anarsa ba. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita kaɗai ta lura ban zo ba, ta aiko mini da kunun shinkafa ta hannun mai gadi.

Zuwa sati na biyar ko makaho ya shafa ya san akwai bambanci. Ɓerayen Inna sun yi ɓul-ɓul, gashinsu yana sheƙi, in ka ɗaga ɗaya ka ji nauyi a hannu tun kafin sikeli ya yi magana. Na kamfani sun fi masu madara zalla, amma ba su kamo na Inna ba. Sai aka ba dukkansu ƙwayar da ke sa gudawa don a ga wa zai jure. Waɗanda ba su shan komai suka zube, suka dunƙule a kusurwa, gashi a tashe, na ji tausayinsu duk da tsohuwar gabar da ke tsakaninmu. Na Inna kwana biyu suka yi suka miƙe suna dambe a kan abinci. Ina rubutawa ina murmushi ni kaɗai, ina cewa ashe dai sai da ɓera ya shaida.

A nan Farfesa Gobe, wanda wata biyu bai taɓa taka ɗakin ba wai wari, ya fara zuwa da hankici a hanci. Rannan ya shigo da wasu mutum biyu masu kwat daga kamfanin. Ya tsaya gaban kejin ɓerayen Inna yana ce musu, "Wannan shi ne sabon nau'in da muka gano." Muka gano! Ina tsaye a gefe da bokitin kashi, ko sunana bai ambata ba.

Da wa'adin ya cika aka kashe ɓerayen, aka ɗebi jini, aka duba hanta da hanji. Na Inna hanjinsu lafiya lau. Washegari Farfesa ya zo da kansa ya tsaya a kaina sai da aka dafa duk kindirmon da ya rage aka zubar, wannan karon ba yadda zan yi. Ƙwayoyin da aka ware daga cikinsa suka shiga ƙananan kwalabe, aka liƙa musu haruffan ɗakin gwajinsa, aka sa a firiza, aka kulle, makulli ya shiga aljihunsa. Raina ya sosu, amma na ce ba komai, ai uwar iri tana gida cikin ƙwaryar Inna.

Ba a yi wata guda ba Asabe ta kira ni ana tsakar rana, tana magana numfashi na sarƙe ta. 'Yan bindiga sun shiga ƙauyenmu. Sun kora shanu, sun sa wa rumbuna da ɗakuna wuta. Mutanenmu sun tsira da rai, alhamdu lillahi, suna gidan kawunmu a Ƙaura. Na ce a ba ni Inna.

"Lahiya muke," in ji ta. Sai ta ƙara da cewa, "Ƙwaryar ta ƙone, ɗan nan."

"Matan unguwa fa? Ba wadda ta fito da shi?"

"Wa ka ɗaukar nono ana harbi? Kuma shanun suna ina? Iri ba ya jiran mutum."

Daga baya Asabe ta gaya mini Inna ta karɓo iri wurin mata uku a Ƙaura, kowanne ta ɗanɗana sai ta ture ta ce ba shi ne ba. Ta daina yi. Mace da ban taɓa ganin hantsi ya same ta zaune ba, ta koma zama a bakin ƙofar ɗakin aro tana kallon bango. Shanu sun tafi, ɗaki ya tafi, abin da uwarta ta bar mata ma ya tafi. Saura na cikin firizar Farfesa.

Na je na same shi, na faɗa masa komai, na ce cokali guda nake roƙo, ko ƙyallen nan nawa. Ya dafa ƙirji, ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai, in dawo gobe. Na dawo, yana taro. Na dawo, mai makulli bai zo ba, alhali ina jin ƙarar makullin a aljihunsa. Rana ta tara na ƙi fita daga ofishin. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da takardar nan mai shafi huɗu, ya ɗora yatsa a kan sa hannuna.

"Samfurin mallakar jami'a ne. Kamfani ya shigo maganar. Ko ɗigo ba zai fita ba."

Na ce, "Na uwata ne. Ara muku na yi."

"Ba a rubuta aro a nan ba."

A kan teburin na hango rubutun da za a aika mujalla. Sunansa a farko, sai na mutum biyu da ban taɓa gani sun riƙe ɓera ba, sai nawa a wutsiya. A inda ake faɗin asalin samfuri an rubuta wai an saye shi a wata kasuwa a Afirka ta Yamma. Wata kasuwa! Kakata da ta ɗauko shi a ka daga Shinkafi, Inna da ta shekara arba'in ba ta bari ya kwana da yunwa ba, duk sun zama wata kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na buga teburin har shayinsa ya fantsama, na faɗa masa da Turanci abin da na iya, da Turancin ya ƙare na ƙarasa da Hausa.

Ya bari na gama, ya goge tebur da hankici, ya ce a hankali, "Takardar shaidarka da izinin zamanka duk sa hannuna suke jira. Ka je ka yi tunani."

Ina so in ce muku na yaga takardar a fuskarsa. Ban yi ba. Na tuna mutum goma sha ɗaya a ɗaki biyu a Ƙaura, duk suna jiran in dawo da abin da zai ƙara mini albashi. Na sunkuyar da kai na fita, har da ja masa ƙofa a hankali. Wannan jan ƙofar ya fi komai ci mini rai, har yau.

Ɗakin ɓeraye na nufa, don ba ni da wani wurin. Kejin duk babu kowa, an wanke an kife. Na zauna a kan bokiti. Gwaggo Kamla ta shigo da tsintsiya, ta dube ni, ta yi tambaya da hannu. Na rasa ta inda zan fara. Na nuna mata hoton Inna a waya, na kwatanta ƙwarya da hannu biyu, na kwatanta wuta, na nuna firiza na murɗa makulli a iska. Ta daɗe tana kallon hoton. Sai ta jingine tsintsiyar, ta kama hannun rigata ta ja.

Mun shiga bas, mun sauka, mun bi wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa, kwata na gudu a tsakiya. Ɗakinta bai kai nawa ba. Ta sa na zauna a tabarma, ta jawo wata tukunyar ƙasa daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga murfin. Tun kafin in ɗanɗana ƙanshin ya gaya mini. Ashe rabon da nake juye mata ba shanyewa take ba. Su ma can haka suke yin nonon gidansu, da na jiya ake tayar da na yau. Tun ranar farko ta ɗiga shi a madararta, ya fi nata daɗi, ta ci gaba. Ta fito da ni ƙofa tana nuna gidaje da yatsa: wannan, da wancan, da na bayansa, da mai shuɗiyar ƙofa. Duk sun aiko da ƙoƙo, duk ta zuba musu. Abin da Farfesa ya kulle da makulli yana jiran kamfani, lungu guda na matalauta suna cin shinkafa da shi kowace rana. Na yi dariya har na durƙusa, daga nan dariyar ta juye ta zama wani abu, tsohuwar ta yi kamar ba ta gani ba.

Na sa hannu a aljihu. Ta doke hannun da ƙarfi, ta ɓata fuska kamar na zage ta. Ta yago farin ƙyalle daga wani tsohon mayafi, ta wanke, ta tsoma a tukunyar. Na nuna mata inuwa, na ɗaga yatsa uku. Ta harare ni, irin hararar wa za ka koya wa.

Na gama karatun, na karɓi takardata. Rubutun ya fito a mujalla yadda na gan shi, da wata kasuwarsa da komai, kuma ban yafe ba. Wanda ya ce in yi haƙuri, ya fara zuwa ya riƙe ɓera wata uku tukuna.

Na iske Inna ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ban ce mata komai ba sai da na sa aka samo madarar safe daga wajen Kasuwar Daji da sabuwar ƙwarya, sannan na ciro ƙyallen daga hula. Ta karɓa ta shinshina. Kwanan farko bai kama ba, ruwa ya tsinke a sama. Ta ce sabuwar ƙwarya ce, ba ta san aikinta ba tukuna. Ta ɗebi na ƙasan ta sake tayar da wani. Rana ta uku ta buɗe faifai, ya kwanta luf, ta sa ludayi ta yanko, ta kai baki. Duk gidan muka zuba mata ido.

"Shi na," in ji ta. Ta ƙara kurɓa. "Ya sha wahala, amma shi na."

Kafin la'asar labari ya zaga. Wata maƙwabciyarmu ta ƙauye, da ita ma ke zaman gudun hijira a bayan tasha, ta yi sallama da ɗan ƙoƙo a hannu. Na ji bakina yana shirin cewa a dakata, don tafiyar nan ta koya mini mugun hali. Inna ba ta ko dube ni ba, ta cika mata ƙoƙon.

Da matar ta fita na zauna na ba ta labarin duka, da takardar, da firizar, da lungun. Ban ga ta damu da Farfesa ba ko kaɗan, ko tsinuwar da na sa rai ba ta yi ba. Sai ta ce, "Ita wagga tsohuwa, mi as sunanta?"

Na ce, "Kamla."

Ta maimaita sau biyu don ya zauna mata. Sannan ta tashi, ta ɗauko kwalba ta wanke ta kife a rana.

"Man shanun hwarko nata na. Ka nemo mai zuwa ƙasarsu. Yanzu mu munka ari iri gare ta, kuma ba a maida ma mutum ƙoƙo wohi."